Motar Da Ba A Shiga Da Takalmi

Raini shi ne laifin da ke cikin wannan labari. Ba rainin baƙo nake nufi ba. Ina nufin ka raina wanda iyayenku suka yi layin ruwa a famfo ɗaya a unguwar Tandabawi ta Makka, don yau kana zaune a ofis mai sanyi shi kuma yana tsaron ƙofa. Wanda ya yi wannan rainin bai sha ba, kuma in mun kai ƙarshe zan ƙirga muku abin da ya rasa.

Alhaji Abdulilah haifaffen Makka ne, jikan Hausawan da suka zo hajji a ƙasa suka zauna. Allah ya buɗa masa a harkar motocin jigilar alhazai, ya gina gida a Rusaifa, ya kuma yi istiraha a bayan gari, wato gidan hutu mai doguwar katanga da dabino da rumfar baƙi. A can ya ajiye motar.

Wata ƙungiyar tseren motoci ta Turai ce ta ƙera ta, guda ashirin da biyar kacal a duniya, tasa ce ta goma sha bakwai. Ba ta da lamba, ba ta da takardar hawa titi. A cikin rufaffiyar babbar mota ake kai ta filin tsere, a zagaya da ita, a dawo da ita kamar amarya. Tana shan mai, tana shan lantarki. In injin mai ya tashi sai tantabaru su watse daga kan dabino, in kuwa da batir kaɗai take tafiya ko akuya ba ta waiwayowa. Tayoyinta sumul, babu zane ko ɗaya. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi yatsa uku ba. Kuma ba a shigarta da takalmi. Wajen sa ƙafa matsattse ne, ga shi Alhaji ya shimfiɗa darduma a gefenta ya kafa doka, duk mai shiga ya tuɓe a nan, kamar zai shiga masallaci.

Mai gadin gidan Falalu ne, mutumin Ɗanbatta. Karatu ya kawo shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, nauyin iyali ya tsayar da karatun, ya kama gadi. Alhaji ne kafilinsa, wato zamansa a ƙasar a hannun Alhaji yake.

Wata Juma'a cikin tsananin zafi, irin wanda kwalta ke laushi, Falalu ya sa fararen kaya da takalmin Juma'a, ya bar silifas ɗin aikinsa a bakin ɗakinsa da ke jikin babbar ƙofa, ya kulle ya tafi masallaci. Da ya dawo, ƙofa na nan a kulle yadda ya bar ta. Amma rumfar mota a buɗe take, an kashe wutar kyamarori, mota babu. A kan dardumar nan kuwa, ga silifas ɗinsa a jere.

Wanda ya fara isowa bayan Alhaji shi ne Uzair, manajan kamfani, wanda aka sa ranar aurensa da Shaima 'yar Alhaji bayan hajji. Ya dubi silifas, ya dubi Falalu, ya ce da Larabci, don shi ba ya Hausa a gaban mutane, "Me ake jira? Ya buɗe wa ɓarayi, sun loda ta a babbar mota. Yanzu tana hanyar Jidda." Shi ya raba ma'aikata, ya tura su duka wajen babban titi. Suka dawo hannu wofi.

Alhaji ya ce wa Falalu, "Na ba ka zuwa Lahadi da safe. In ba ta fito ba zan kai ƙara wajen shurɗa, 'yan sanda, da sunanka, kuma na janye hannuna daga iƙamarka, takardar zamanka."

Kowa ya san fassarar wannan. Kurkuku, daga nan jirgi. Matarsa Rahmatu da 'yarsu Shifa, wadda ba ta san wani gari ba sai Makka, su bi bayansa da sunan iyalin ɓarawo.

*

Kafin la'asar labari ya riga ya cika Tandabawi. A teburin mai shahi, wato mai shayi, aka yi shari'ar aka gama.

"Ni dama shirun Falalu bai taɓa kwanta mini ba," in ji mai shahi.

"An ce ko madubinta kaɗai ya isa ya gina bene a Ɗanbatta," in ji wani.

Rahmatu ta tsaya a kansu da abayarta, ba ta ko rage murya ba. "Wanda ya ga mijina da idonsa ya tashi, ga masallaci nan, ya dafa Alƙur'ani. Babu? To ku sha shahinku. Mutumin da ko keke bai iya ba shi ne zai saci motar tsere?"

Ta wuce su zuwa gindin katangar da Baba Hashimu ke zama. Tsoho ne, ya ba saba'in baya, ɗinkin takalma yake yi. Amma shekara goma sha huɗu ya yi yana yi wa Larabawan daji kiwon raƙuma a ƙuruciyarsa, a wurinsu ya koyi bin sawu. Yakan dubi ƙasa ya ce maka raƙumar da ta wuce tana da ciki, mai jan ta kuma gurgu ne.

"Baba, ban zo kuka ba," in ji Rahmatu. "Na zo ne don kai ka ɗinke silifas ɗin nan da hannunka."

"Sau biyu ma. Mijinki yana taka ƙasa kamar yana fushi da ita. Dunduniyar dama yake cinyewa." Ya cire zare daga bakinsa. "A ina aka same su?"

"A kan darduma, a jere. Kuma Uzair ya hana kowa shiga gidan."

"Har ni? Gidan Abdulilah ɗan Sa'adiya mai ƙosai? Ni na ɗinka masa takalmin da ya fara zuwa makaranta da shi." Ya soke basilla a jikin fata. "Ki zo da tasi bayan asuba. Sawu ya fi magana in rana tana ƙasa."

*

Uzair suka tarar a bakin ƙofa, farar riga ƙal, baƙar safa cikin wani faffaɗan takalmi mai laushi. Yana tsaye yana sauya ƙafa kamar mai jiran layin banɗaki.

"Ya hajji, nan ba wurin sadaka ba ne," ya ce da Larabci.

"Da Hausa zan amsa maka, don na san kana ji," in ji Hashimu. "Ubanka Abubakar da ita ya yi maka faɗa. Matsa."

Bai matsa ba sai da Alhaji ya fito ya ce, "Ammi Hashimu? Da kanka?"

"Da kaina. Ka ba ni daga yanzu zuwa la'asar. Kada kowa ya ƙara taka tsakar gidan nan."

"Ai an riga an tattake ta jiya."

"Garken raƙuma ɗari ya sha tattake mini sawu, na fitar da na guda ɗaya. Mutum goma ne za su gagare ni?"

Alhaji ya ɗaga hannu. Uzair ya ja gefe.

Falalu na zaune a bakin ɗakinsa, idonsa ja. Ya miƙe ya gaida tsohon.

"Baba, ban ɗauka ba, kuma ba zan ba kowa haƙuri ba. Uzair ya ce in na amsa laifi za a sassauta, a sa ni a jirgi ba tare da ɗauri ba. Na ce masa gara a ɗaure ni shekara goma. Ba zan bar wa Shifa wannan suna ba."

"Madalla. Su wa ke da makullin ƙofa?"

"Ni, da Alhaji, da Uzair, da Shaima, da Abdulquddus direban babbar mota."

Hashimu ya durƙusa, ya juya wa rana gefe, ya daɗe yana kallon turɓayar da ke tsakanin ɗakin gadi da rumfa. Ya nuna wa Alhaji wasu layuka biyu masu faɗi, sumul kamar an ja buhu.

"Wa ya ce loda ta aka yi? Ga ta nan. Da ƙafarta ta fita."

Ya matsa gaba da gwiwa. "Ga kuma silifas ɗin Falalu, na san facin da na yi. Amma duba, ɗan Sa'adiya. Sawun silifas a kan na taya yake, ba a ƙarƙashinsa ba. Mota ta riga ta fita kafin a sa su. Daga ƙofa suka nufi rumfa, ba su dawo ba. Kuma dunduniyar dama ba ta nutse ba, alhali Falalu da ita yake haƙa rami. Wanda ya sa su ƙafarsa ba ta cika su ba, kuma yana tafiya kamar mai taka ƙaya."

"Tatsuniya," in ji Uzair. "To ga sawun babbar mota can a bakin ƙofa. Shi ma aljani ne ya yi?"

*

Aka kira Abdulquddus. Basakkwace ne, ƙato, mai yawan dariya, amma ran nan dariyar ta ɗauke.

"Wallahi Baba ran Alhamis niz zo, na kawo sabbin tayu. Jiya kau ina Zahir gidan surukaina, na ci tuwo har na kasa tashi. A tambaye su, har yanzu suna zagina."

Hashimu ya ɗauki sandarsa. Ya fita bakin ƙofa ya tsuguna. Ya tambayi Falalu, "Awakin nan yaushe suke wucewa?"

"Da yamma kaɗai, in za a mayar da su garke."

"To ga shi. Babbar mota a ƙasa, kofaton awaki a kanta, sumul ɗin taya a kan kofato. Babbar mota ta zo kafin yammar Alhamis. Tafi ka ci gaba da cin tuwon surukai, Basakkwace, amma kada ka yi nisa, ina bukatar motarka."

Sai ya koma gindin dabinon da ke kusa da rumfa. Akwai wani ɗan ƙaramin sawu a nan, na takalmin mace, ya kafe a cikin laka. Shaima na tsaye bayan ubanta. Tun jiya ta ce rabonta da gidan tun Laraba. Hashimu ya jira har Alhaji ya shiga amsa waya, sannan ya yafito ta.

"'Yata, jiya da safe Falalu ya yi wa dabino ban ruwa, kin taka laka tana ɗanya. Laraba kika ce?"

Ta ɗaga kai, ba ta sunkuyar ba. Hausarta a gauraye take da Larabci. "Ɗayyib, na zo. Ƙarfe tara, Falalu na can ƙuryar gidan yana jan tiyo. Na cika mata batir, na zauna a ciki na fito. Babana ya hana ni tuƙa ta, alhali ni na karanta littafinta kaf, ni na koya masa maɓallanta. Shi ya sa ban faɗa ba. Amma ban fitar da ita ba."

"Na sani. Taya ta bi ta kan sawunki a bakin rumfa. In batir ya cika, za ta iya tafiya ba a ji ba?"

"Har kilomita da yawa. Sai dai ba ta da makulli, maɓallai ne ake danna su bi da bi. Falalu ba zai iya ba ko an kwana ana nuna masa."

"Wa kika gaya wa kin cika batir?"

Nan fuskarta ta sauya. Ta ce, "Mutum ɗaya."

"Riƙe sunansa a bakinki. Ban son jin sa daga gare ki. Ƙasa za ta faɗa."

*

Gaba kaɗan da bakin ƙofa, daf da titi, an share ƙasa da tsintsiya, shara ta gaggawa, ta wanda bai saba ba. Titi ya rabu biyu. Dama ta nufi babban titin Jidda, inda Uzair ya tura mutane. Hagu sabuwar kwalta ce da ta miƙe cikin daji, ba gida ba shago.

Hashimu ya bi hagu da ƙafa, rawani a kai, sanda a hannu. Abdulquddus na biye da shi a hankali da babbar mota, Shaima a gefensa.

"Baba, kwalta ta na," in ji Abdulquddus ta taga. "Mi za ka gani bisa kwalta?"

Tsohon ya nuna da sanda. Iska ta kwaso rairayi ta zuba shi jefi-jefi a kan titi, tudu-tudu. Kowane tudu an aske kansa daidai, kamar da aska. "Wace mota ka sani mai jan ciki a ƙasa haka?"

Sun yi tafiyar da ta kai kilomita biyu, sai ga tudun rage gudu da masu aikin titi suka yi. A bayansa ɓaraguzai ne baƙaƙe warwatse. Shaima ta sauko ta ɗauki ɗaya, ba nauyi kamar gashin kaza.

"Hancinta ne," ta ce. "Ya Allah. Da gudu ya hau."

Daga nan layukan suka sauka daga kwalta, suka lanƙwasa bayan wata rusasshiyar katanga, tsohon garken raƙuma. A can take, an lulluɓe ta da yagaggen tamfol da busassun ganyen dabino. Hanci a farfashe, ciki a tsage.

"Kada wanda ya taɓa ta," in ji Shaima. "In batir ya fashe yana iya kisa. Bari in kashe shi tukuna."

Hashimu ko kallon motar bai yi ba. Yana durƙushe a bayanta.

"Zo ka gani, Basakkwace. Ƙafa ce tsirara. Ya tuɓe takalminsa a kan darduma kamar yadda doka ta ce, ya fito da mota, ta mutu masa a nan, takalmi na can gida. Shi kaɗai ya turo ta."

"Shi ɗai? Cikin rairayi?"

"Ba ta da nauyi, kuma wannan ba baƙon turi ba ne. Dubi takun. Gajere, yatsu sun nutse, dunduniya a sama, in zai karya kwana sai ya ja ƙafar waje. Haka masu arabiyya ke yi, masu tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa. Wanda ya yi wannan aikin yana yaro, ƙafarsa ba ta mantawa ko ya zama sarki."

Ya bi sawun komawa. Mai shi gudu ya yi, daga inuwar dutse zuwa inuwar turken lantarki. A wani wuri ya tsaya a kan yagaggen kwali yana tsalle-tsalle, kwalin ya nutse.

"Rairayin azahar ya gasa shi. Da ya isa ƙofa, abin da ya fara gani mai kama da takalmi shi ya zura."

Sai ya tsaya a kan wani sawu guda na ƙafar hagu, wanda ya fito sarai a inuwar katanga. Ya ƙirga da bakin sanda. Ya sake ƙirgawa. Ya samo wani tsohon kwanon shan raƙuma ya kife a kai.

"Baba, ka san shi?" in ji Shaima.

"Na san shi tun bai san kansa ba."

*

Bayan an idar da la'asar aka taru a rumfar baƙi, Alhaji da Uzair da Shaima da Abdulquddus da Falalu, Rahmatu na tsaye a jikin ginshiƙi ta ƙi zama. Abdulquddus ya buɗe bayan babbar mota. Alhaji ya ga abin da ya rage na motarsa, ya dafa kujera ya zauna.

"Alhamdu lillahi, ta fito," in ji Uzair da sauri. "Ka gani, ammi? Ya gwada tuƙawa ya farfasa ta. Gobe a kai shi."

Hashimu ya sa Falalu ya kawo bokiti biyu na rairayi, aka tankaɗe, aka yayyafa ruwa, aka baje a gaban tabarma. Ya faɗi abin da ya gani a garken raƙuma, bai ƙara ba bai rage ba, sai abu ɗaya da ya riƙe.

"Yanzu kowa ya tuɓe ya taka. Ni zan fara."

Ya taka ya wuce. Falalu ya taka, sawu kamar faranti, dunduniyar dama ta nutse. Abdulquddus ya taka yana cewa, "Ku yi haƙuri da kaushi, gadon gidanmu na." Shaima ta tuɓe ba tare da ta dubi kowa ba, ta taka. Alhaji ya dubi tsohon.

"Har ni?"

"Kana da makulli."

Alhaji ya tuɓe ya taka. Saura mutum ɗaya.

"Ni ba zan tuɓe wa mai ɗinkin takalma ba," in ji Uzair. "Ammi, wannan wulaƙanci ne. Ni manajanka ne, ni surukinka ne."

"Ɗazu a wajen alwala kowa ya wanke ƙafa, kai ka shafa a kan safa," in ji Hashimu. "Halal ne, ban ce komai ba. Amma bari in faɗi abin da na riƙe. Sawun hagu na mai turin nan yatsu huɗu gare shi. Kana ɗan shekara goma sha biyu, kana taya ubanka turi, tayar arabiyya ta taka maka ƙaramin yatsa a Marwa. Ba a kai ka asibiti ba, ya warke a kan ɗan'uwansa, ba ya taɓa ƙasa. Abubakar ya goyo ka har gindin katangata, ni na faɗaɗa maka takalmi. In ƙarya nake, ga rairayi. Taka ka kunyata ni a gaban jama'a."

Kowa ya dubi ƙafar Uzair. Alhaji ya ce, "Tuɓe."

Uzair ya zauna. Safar ta ƙi fita, ta manne, sai da ya cije leɓe ya ja. Tafin ƙafar duk bororo ne, wasu sun fashe, an naɗe da auduga. Bai ko iya miƙewa sosai ba. Ya ɗora ƙafar hagu a kan rairayi ya ɗauke. Abdulquddus ya sunkuya ya ƙirga da ƙarfi, "Ɗaya, biyu, ukku, huɗu."

Sai ga Hausa ta fito daga bakin Uzair, tsaf, irin ta lungun Tandabawi.

"Zagaye ɗaya kawai na so in yi. Na gaya wa abokaina ina tuƙa ta, suka ce ƙarya ne, in kawo hoto. Maɓallan a wurin Shaima na ga yadda ake danna su. Titin babu kowa, kowa na masallaci. Ban ga tudun ba, wallahi ban gan shi ba."

"Motar ƙarfe ce da roba," in ji Alhaji a hankali. "Da ka zo ka faɗa, da na zage ka na haƙura. Falalu fa?"

"Silifas ɗin, ƙafata ce ke ƙuna, shi ya sa na sa su. Da na isa darduma na ga takalmina, sai na ga in na bar su a nan..." Ya dubi Alhaji. "Ammi, mai gadi ne fa. Da an mayar da shi gida, shi ke nan. Irinsa nawa ne a gari?"

Rahmatu ta bar jikin ginshiƙi. "Irinsa guda ɗaya ne, kuma yana da 'ya. Kai da ubanka ya ci da ku da turin keke, bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, yau kai ne mai cewa mai gadi ne fa?"

Shaima ta zare zoben da ke hannunta, ta ajiye shi a cikin sawun nan mai yatsu huɗu, ta fita.

Alhaji ya juya wajen Falalu. "Ka yafe mini. Ka faɗi abin da kake so."

"Ba na son komai a nan," in ji Falalu. "Ba a nan aka ce mini ɓarawo ba, a Tandabawi ne, a gaban 'yata. Can za ka je ka faɗa da bakinka."

Abdulquddus ya zaro ido. Ba a yi wa kafili irin wannan magana. Amma Hashimu ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Gaskiyarsa. Ka san hanya, ɗan Sa'adiya, a can aka yanke maka cibiya."

Ya kuwa je. Washegari bayan azahar, Alhaji Abdulilah ya tsaya a ƙofar masallacin unguwa, kusa da teburin mai shahi, ya ce shi ya yi kuskure, Falalu amintacce ne. Shifa na riƙe da hannun ubanta tana ji. Mai shahi ya rantse shi dama bai taɓa zargin Falalu ba, Rahmatu ta dube shi har ya zubar da kofi. Silifas ɗin kuwa Hashimu ya ɗinke su karo na uku.

To ga abin da Uzair ya rasa.

Na ɗaya, makullai huɗu, na ofis da na istiraha da na motar kamfani da na gidan da aka ba shi a Rusaifa. A rumfar nan ya ajiye su kafin ya fita.

Na biyu, auren Shaima.

Na uku, ƙarar da aka shirya kai wa shurɗa ranar Lahadi an kai ta, sunansa ne a kai.

Na huɗu, fatar tafin ƙafarsa duka biyu. Sati uku bai sa takalmi ba.

Na biyar, da bai da wurin zuwa sai ya koma ɗakin marigayi ubansa a Tandabawi. Ya ɗingiso zuwa teburin mai shahi, ya gaida mutane da Hausa, ya tambaye su gajiya da iyali. Suka amsa masa da Larabci, cikin ladabi, yadda ake amsa wa baƙo. Har yau haka suke amsa masa.